Akwatin Iska na Dayton: Nazarin Yadda Injiniya Ke Bincike

Wajen ƙarshen watan Agustan 1901 wasu 'yan'uwa biyu, Wilbur da Orville Wright, suka tattara komatsansu daga tuddan yashin da ke kusa da ƙauyen Kitty Hawk a jihar North Carolina ta Amurka, suka kama hanyar gida jiki a sanyaye. Sana'arsu ƙera keke da gyaransa ce a garin Dayton na jihar Ohio. Shekara biyu ke nan a jere suna zuwa wannan gaɓar teku da jirgi marar inji, irin wanda mutum ke kwanciya a kansa ya gangaro daga tudu iska ta ɗauke shi, kuma shekara biyu ke nan jirgin yana ƙin yin abin da lissafi ya ce zai yi. Na 1901 ɗin, mai fiffike ƙafa 22 daga wannan baki zuwa wancan, kusan kashi ɗaya cikin uku kawai ya bayar na ƙarfin ɗagawar da suka sa rai. Wilbur da bakinsa ya faɗa daga baya cewa a wannan shekarar ya gaya wa ƙaninsa ɗan Adam ba zai tashi sama ba sai nan da shekara 50. Wata 28 bayan nan suka tashi.

Abin da suka yi a cikin waɗannan watanni shi ne lamarin da za mu duba. Na zaɓe shi ne saboda wata fahimta da ta zauna daram a zukatan mutane da yawa, har da masu ilimi: wai masanin kimiyya shi ke gano gaskiya, injiniya kuma ɗan aike ne, ya karɓa ya je ya aiwatar. In da haka abin yake, da ba a yi jirgin sama a 1903 ba, domin a lokacin babu mahalukin da ke da bayanin yadda fiffike ke ɗaukar nauyi, bayanin da ya cika har a ƙera jirgi da shi.

Abin da suka tarar a littattafai

Ba da ka suka fara ba. A watan Mayun 1899 Wilbur ya rubuta wa Cibiyar Smithsonian, wata cibiyar binciken kimiyya da ke Washington, wasiƙa yana neman abin da aka wallafa kan tashi sama, aka kuwa aiko masa. To amma me kimiyyar wannan zamani ke da shi da za ta ba mai son ƙera fiffike?

Ta ɓangaren lissafi zalla, abin akwai ɗaure kai. Tunanin da aka gada daga Isaac Newton ya ɗauki iska kamar yayyafin ƙananan tsakuwoyi masu dukan allo. In aka bi wannan lissafi, fiffiken da aka karkata shi kaɗan ba zai samu ɗagawa ta kirki ba, sai dai a yi mai girman da shi kansa ba zai ɗauku ba. A 1752 wani masanin lissafi na Faransa, d'Alembert, ya bi wata hanyar ya fito da abin da ya fi wannan ban mamaki: in ruwa ko iska ba su da danƙo ko kaɗan, to abin da ke ratsa su ba zai ji turjiya ba sam. Duk wanda ya taɓa tafiya yana fuskantar guguwa ya san ba haka ba ne. Ƙa'idojin da suka fi cika, waɗanda wasu masana biyu, Navier da Stokes, suka tsara tsakanin 1822 da 1845, suna nan a rubuce, sai dai ba wanda zai iya warware su a kan siffar fiffike da alƙalami da takarda. Taurin kansu ya kai har a shekarar 2000 aka sa kyautar dala miliyan 1 ga wanda ya amsa wata tambaya ta asali game da su.

Abin da ke da amfani a hannu daga injiniyoyi ya fito. Otto Lilienthal, wani injiniya Bajamushe, ya shafe shekaru yana auna ƙarfin iska a kan fukafukai masu lanƙwasa, ya wallafa sakamakonsa a 1889, sannan ya yi shawagi kusan sau 2,000 da jiragensa marasa inji kafin faɗuwar da ta yi ajalinsa a watan Agustan 1896. Ya bar jadawali: in ka karkata fiffike digiri kaza, ga lambar da za ka yi aiki da ita. Lissafin kuwa mai sauƙi ne. Abu huɗu ake ninkawa: jimillar faɗin fiffike, da gudun iska sau kansa, da lambar da ke jadawalin Lilienthal, da wata tsohuwar lamba, 0.005, da ake jingina wa John Smeaton, injiniyan Birtaniya wanda ya kawo ta a maƙalarsa ta 1759 kan injinan niƙa masu aiki da ruwa da iska. Da wannan lissafi 'yan'uwan suka ƙera jirgin 1900 da na 1901, kuma shi ne ya kunyata su.

Ruwa ba ya tsami banza. Faɗin fiffike su suka auna da hannunsu. Gudun iska ma sun auna da na'ura. Saura lambobi biyu, dukansu na aro, kuma ba su san wadda ke da ɓaraka ba, ko ma dukansu ne.

A nan hanya ta rabu biyu. Mai tsantsar kimiyya zai tsaya ya tambaya: me ya sa fiffike ke ɗagawa tun farko? Me iska ke yi a samansa da ƙarƙashinsa? Tambaya ce mai daraja, kuma akwai masu binta a Turai a daidai wannan lokaci. Tambayar 'yan Dayton daban ce: fiffike mai wace siffa, mai wane girma, zai ɗauki mutum ɗaya da katako da ƙyalle a iska mai gudun mil kaza a awa? Ta farko dalili take nema. Ta biyu adadi take nema, adadin da mutum zai iya ɗora ransa a kai.

Keke, sannan akwati

Ranar 18 ga Satumban 1901 Wilbur ya yi jawabi a gaban ƙungiyar injiniyoyi a Chicago, bisa gayyatar Octave Chanute, wani dattijon injiniyan gadoji da layin dogo wanda ya zama abokin shawararsu ta wasiƙa. A jawabin ya nuna shakkarsa kan lambobin da kowa ke dogaro da su. Mai gyaran keke da bai yi jami'a ba ya faɗi irin wannan magana a gaban manya, ai dole ya koma gida ya tabbatar.

Gwajin farko abin dariya ne ga mai kallo. Sun kwantar da ƙafar keke ta uku a gaban abin tuƙi, yadda za ta iya juyawa kamar faifai. A gefenta ɗaya suka kafa ɗan fiffike mai lanƙwasa, a wani gefen suka kafa ɗan allo miƙaƙƙe yana fuskantar iska. Sai ɗayansu ya hau ya yi ta zarya a titi. In jadawalin daidai ne, da an karkata fiffiken digiri 5 ƙarfin biyun zai yi kunnen doki, ƙafar ta tsaya cak. Ba ta tsaya ba sai da aka kai wajen digiri 18. Gwajin ya nuna akwai matsala, amma iskar titi ba ta da tabbas, ba a gina jadawali a kanta.

Daga nan suka haɗa akwatin iska. Ba su suka fara yin irinsa ba, Francis Wenham ya yi a Birtaniya tun 1871. Nasu na katako ne, tsawonsa ƙafa 6, bakinsa inci 16 ta kowane gefe, da ɗan gilashi a sama don leƙawa. Fanka ce ke hura iska a ciki da gudun mil 25 zuwa 35 a awa, injin gas ɗin da ke juya injinan shagonsu ke jan ta. Fukafukan gwajin ƙanana ne, 'yan inci kaɗan, an yanko su daga fallen ƙarfe an bubbuga da guduma.

Akwatin ba shi ne abin mamaki ba. Hikimar tana cikin ma'aunan da suka sa a ciki, waɗanda suka haɗa da tsofaffin zartunan yankan ƙarfe da wayoyin ƙafar keke. Matsalar da ke gabansu ita ce: in suka ce za su auna ƙarfin da iska ke yi wa fiffike kai tsaye, to sai sun san gudun iskar daidai wa daida a kowane daƙiƙa, alhali fankar tana ɗan hawa da sauka, kuma sai sun yi amfani da lambar Smeaton kafin su fitar da lambar fiffiken, ita kuwa tana cikin waɗanda ake tuhuma. Sai suka kauce wa matsalar gaba ɗaya. Suka tsara ma'aunin yadda ɗagawar ɗan fiffiken za ta ja shi gefe ɗaya, turjiyar wasu 'yan fallayen ƙarfe da suka san faɗinsu ta ja shi ɗaya gefen, kuma dukansu cikin iska guda. In iskar ta ƙaru, ta ƙaru wa kowa. In ta ragu, haka. Allurar ma'aunin kwatanci kawai take nunawa: wannan ya ninka wancan sau nawa.

Mai sikeli mai kwano biyu bai damu ya san ƙarfin da ƙasa ke jan kaya da shi ba, tunda yadda take jan kwanon dama haka take jan na hagu. Abin da suka yi ke nan da jahilcinsu. Ba su kawar da shi ba, sun raba shi ne gida biyu suka sa kowane rabi ya cinye ɗan'uwansa. A ganina duk wanda ke son ya gane bambancin binciken injiniya da na tsantsar kimiyya, ya tsaya a kan wannan ma'auni ya daɗe. Ga masanin kimiyya, abin da ba a sani ba shi ne abin farauta, don shi aka fito. Ga injiniya sau da yawa dutse ne a kan hanya: in ya fasu a fasa, in bai fasu ba a kewaye, tafiya dai ake yi.

Ma'auni na biyu kuma yana kwatanta turjiya da ɗagawa a kan fiffike guda. Ita kuwa lambar Smeaton, ta wata hanya suka kama ta: suka koma kan awon da suka yi wa jirginsu na gaske a Kitty Hawk suka yi lissafi da baya, suka samu kusan 0.0033. Tsohuwar lambar ta zarce gaskiya da kusan rabi, kuma shekara sama da 140 ana kwafarta daga littafi zuwa littafi.

Tsakanin Oktoba da Disamban 1901 sun gwada siffofi kusan 200 sama-sama, sannan suka zaɓi 'yan gommai suka bi su dalla-dalla, daga digiri 0 har zuwa 45. Tsarin aikin shi ne a canza abu ɗaya a bar saura. A ɗauki fukafukai masu jimillar faɗi ɗaya, wannan gajere mai fāɗi, wancan dogo siriri. A ɗauki masu siffa ɗaya, a bambanta zurfin doronsu, wato lanƙwasar bayansu. A matsar da ƙololuwar doron gaba ko baya. A ɗora fiffike kan fiffike, a rage tazara, a ƙara. Aiki ne mai gundura, kuma ma'aunan suna da saurin fushi har motsin mutum a ɗakin na iya canza abin da allura ke nunawa. Babban abin da ya fito fili shi ne dogon fiffike siriri ya fi gajere mai fāɗi nesa ba kusa ba, kuma doro marar zurfi ya fi wanda suka fara da shi. Ba su san dalili ba. Ba su ma tsaya nema ba.

Akwai wani abu da ya kamata a yi wa Lilienthal adalci a kansa. Jadawalinsa bai ɓaci kamar yadda suka zata da farko ba, kuma Wilbur ya amsa haka daga baya. Lambobinsa daidai suke gwargwado ga irin fiffiken da shi ya auna, dogo mai lanƙwasar da'ira. Su kuma suka ɗauka suka ɗora wa gajeren fiffike mai wata lanƙwasa daban. Dokar Newton ta jan ƙasa ba ruwanta da siffar abin da ke faɗowa, ko'ina aka kai ta tana nan. Lambar injiniya kuwa tana tafe da sharuɗɗanta a goye, wanda ya sauke su ya ɗauki lambar tsura ya ɗauki abin da zai kāda shi.

Kafin Kirsimeti suka rufe akwatin. Chanute ya so su ci gaba, har ya yi tayin nemo musu tallafi daga attajirin nan Andrew Carnegie don su bar harkar keke su duƙufa. Suka ƙi. Tambayoyin da ba a amsa ba suna nan jibge, wanda ke neman ilimin iska don kansa da yanzu ya fara. Su kuwa abin da za su ƙera jirgin baɗi da shi ya samu, kuma lokacin haɗa kekunan sayarwa ya yi.

Abin da akwati ba ya aunawa

Jirgin 1902 fiffikensa ƙafa 32 ne a tsawo, ƙafa 5 a fāɗi. Jimillar faɗinsa kusan ɗaya da na bara, siffa ce ta canza. Wannan karon ya ɗaga abin da lissafi ya ce zai ɗaga. A watannin Satumba da Oktoba sun yi shawagi tsakanin sau 700 da 1,000, mafi tsawo ya wuce ƙafa 620 cikin daƙiƙa 26.

Sai dai ɗagawa rabin magana ce. Tun 1899 Wilbur ya ɗauka cewa babbar matsalar ita ce sarrafawa. Yawancin masu bin wannan harka suna neman jirgin da zai daidaita kansa da kansa, mutum ya zauna kamar kaya. Su kuwa masu keke ne, sun san abin hawa na iya zama marar tsayuwa da kansa amma ya yi biyayya ga wanda ya ƙware. Dabararsu ita ce murɗa bakin fukafukai, ɗaya ya ƙara karkata ɗaya ya rage, jirgi ya kwanta ta gefen da ake so. Babu wata dokar halitta da ta ce wannan zaɓi ne daidai wancan kuskure. Hukunci ne aka yanke tsakanin abubuwa biyu da ba a samunsu duka, kwanciyar hankali da saurin amsa umarni, kuma irin wannan hukunci ba ya tasowa a ɗakin binciken tsantsar kimiyya, tunda shi tauraro ko ƙwayar zarra ba a tambayarsu yadda ake so su kasance.

Murɗawar ta zo da nata aibin. Fiffiken da aka ƙara wa karkata yana samun ƙarin ɗagawa, amma yana samun ƙarin turjiya, sai ya ja hancin jirgin zuwa inda ba a nufa ba. Suka kafa wutsiya biyu a tsaye don maganin haka. Ta yi magani a mafi yawan lokuta, amma jefi-jefi sai jirgin ya zame ta gefe, bakin fiffike ya caki yashi, jirgin ya juya a kansa. Suna kiran abin haƙa rijiya. Maganin da suka samu a farkon Oktoba shi ne a mayar da wutsiyar guda ɗaya mai juyawa, a haɗa wayarta da ta murɗa fiffike, yadda motsi ɗaya na ƙugun matuƙi zai yi aiki biyu. Wannan ilimi ba daga akwati ya fito ba. Daga faɗuwa ya fito, sau da yawa, a kan yashi mai laushi da aka zaɓa musamman don a faɗi a tashi. Takardar mallakar fasahar da aka ba su a watan Mayun 1906 ma kan wannan tsarin sarrafawa take, ba kan inji ba.

Farfela ta ba su wahalar da ba su zata ba. Sun ɗauka za su buɗe littattafan masu ƙera jiragen ruwa su kwafo ƙa'ida, sai suka tarar su ma da gwaji da gyara suke yi. Ba su da kuɗin ƙera farfela goma su zaɓi ɗaya. Sai suka ce ai farfela fiffike ce mai tafiya a karkace tana zagaye, saboda haka jadawalin akwatinsu zai yi aiki a kan kowane yanki nata. Faɗar ta fi yin sauƙi: gudun jirgi yana shafar kusurwar da iska ke bugun farfela, kusurwar tana shafar turawa, turawar tana komawa ta shafi gudun. Watanni suka yi suna gardama, wani lokaci har kowa ya koma yana kare ra'ayin da ɗan'uwansa ya fara da shi. A ƙarshe suka sassaƙa guda biyu na katako, kowace ƙafa 8 da rabi, masu juyawa saɓanin juna, sarƙa ke jan su kamar ta keke. Gwajin da aka yi wa kwafinsu a zamaninmu ya nuna suna mayar da sama da kashi 70 cikin 100 na ƙarfin inji ya zama turawa. A nan sun yi abin da ya yi kama da ƙirƙiro ƙa'ida, amma ƙa'ida ce ta mai ƙira, an yi ta don ta faɗi yadda za a fere katako.

Inji kuwa lissafinsu ya ce mai ƙarfin doki 8 ya isa. Kamfanonin da suka rubuta wa ba wanda ya kawo abin da suke so, sai makanikin shagonsu, Charlie Taylor, ya ƙera musu cikin mako 6. Ya ba da doki 12, nauyinsa kusan kilo 80. Inji ne na gargajiya ko a ma'aunin zamaninsa. A Kitty Hawk sandunan farfela suka tsage har sai da Orville ya koma Dayton ya yo sababbi, haƙoran sarƙa kuma suka yi ta kwancewa har sai da aka liƙe su da gam ɗin tayar keke. Ranar 17 ga Disamban 1903 suka tashi sau huɗu. Na farko Orville ne, ƙafa 120 cikin daƙiƙa 12. Na ƙarshe Wilbur, ƙafa 852 cikin daƙiƙa 59.

Mutumin Potomac

Kwana 9 kafin wannan rana wani jirgin ya faɗa kogin Potomac a Washington. Mai shi Samuel Langley ne, shugaban Cibiyar Smithsonian, masanin taurari da duniya ta sani, wanda ya ƙirƙiro na'urar auna zafin haske mai matuƙar laushi. Ya shafe shekaru yana auna ƙarfin iska, kuma a watan Mayun 1896 ƙaramin jirginsa marar matuƙi mai injin tururi ya yi tafiyar sama da rabin mil. A 1898 Ma'aikatar Yaƙi ta ba shi dala 50,000 ya yi babba mai ɗaukar mutum. 'Yan Dayton duk abin da suka kashe bai kai dala 1,000 ba. Injin da mataimakinsa Charles Manly ya kammala doki 52 yake bayarwa, ya ninka na Taylor fiye da sau huɗu. An cilla jirgin daga saman wani jirgin ruwa ranar 7 ga Oktoban 1903, ya nutse. Aka sake ranar 8 ga Disamba, fukafukan baya suka karye tun a wurin cillawa, Manly ya sha da ƙyar daga ruwan sanyi.

Ana yawan ba da labarin nan kamar tatsuniya, wai masu keke sun kunyata farfesa, aiki ya fi karatu. Ban yarda da wannan ba. 'Yan Wright sun fi Langley tsanani wajen awo da rubuta sakamako, ba su kasa shi ba. Inda ya yi tuntuɓe shi ne ya ɗauka in ƙaramin ya tashi, an tabbatar da magana, saura a faɗaɗa. A kimiyyance ya yi gaskiya, an tabbatar abu mai nauyi na iya tashi da inji. Amma in ka ninka girman abu sau biyu ta kowane gefe, jimillar faɗinsa sau huɗu take ƙaruwa, nauyinsa sau takwas. Galileo ya rubuta wannan tun 1638, Langley ma ya sani. Sanin dokar daban, sanin wace mahaɗa ce za ta fara ballewa lokacin da aka fizgi jirgi daga tsaye zuwa gudun tashi daban. Ga shi matuƙinsa bai taɓa yin shawagi ko na minti ɗaya ba, jirgin kuma ba a yi masa abin sauka a ƙasa ba. Ya inganta yanki ɗaya har ya wuce buƙata ya bar saura. Su kuwa ba su da yanki ko ɗaya da ya kai injinsa kyau, amma kowane yanki nasu ya isa, kuma an auna shi da sauran.

Inda awo ya tsaya

Bayanin ya biyo baya. Martin Kutta a Jamus a 1902 da Nikolai Zhukovsky a Rasha a 1906 suka fitar da lissafin ɗagawa. A 1904 wani masani Bajamushe, Ludwig Prandtl, ya gabatar da gajeriyar maƙala a taron masana lissafi a Heidelberg, ya nuna cewa danƙon iska yana aiki ne a wani siririn fegi da ke manne da jikin abu, kuma da wannan aka kwance ƙullin da d'Alembert ya bari shekara 152. Dalilin da ya sa dogon fiffike ya fi gajere kuwa, wato iskar da ke kewayowa ta bakin fiffike tana murɗewa tana cin ƙarfi, sai a 1918 da 1919 Prandtl ya wallafa cikakken lissafinsa. Shekara 17 ke nan bayan allurar Dayton ta nuna haka.

Kada a ɗauka wannan bayani ado ne kawai. Ilimin da aka samu ta awo yana da iyaka, kuma mai shi ba ya ganin iyakar sai ya taka ta. Jirgin 1903 yana da wuyar riƙewa ƙwarai, hancinsa sai sama sai ƙasa, sai da suka ƙara shekara biyu suna faɗuwa a wani fili kusa da Dayton kafin a watan Oktoban 1905 Wilbur ya yi mil 24 cikin minti 39. Akwai kuma wani kuskure da akwatin kansa ya shuka ba tare da sun sani ba. A ƙaramin akwati mai iska marar gudu sosai, fiffike marar kauri ne ke yin nasara, mai kauri ya ji kunya. A girman gaske da gudun gaske abin yakan juya. Wani masani a Birtaniya, Osborne Reynolds, ya nuna tun 1883 cewa halin ruwa mai gudu yana canzawa da girma da sauri, amma ba wanda ya haɗa wannan da fiffike a lokacin. Haka aka yi shekaru ana ƙera jirage masu fukafukai kamar takarda, ana ɗaure su da sanduna da wayoyi, har sai da Jamusawa suka fito da masu kauri a lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Ɗaya daga cikinsu, Fokker D.VII, ya addabi abokan gaba har yarjejeniyar tsagaita wuta ta 1918 ta ambace shi da suna cikin abin da za a miƙa.

Amurka ta kafa hukumar binciken jiragen sama a 1915, wadda ta rikiɗe ta zama NASA a 1958. A 1922 ɗakin bincikenta na jihar Virginia ya fara aiki da wani akwatin iska da aka sa cikin tankin ƙarfe ana matsa iskar har ninki 20, don ƙaramin fiffike ya ji abin da babba ke ji. Shawarar Max Munk ce, ɗalibin Prandtl. Kimiyya ce ta faɗi abin da za a gyara a akwatin. Amma da aka gyara, aikin da aka yi a ciki shi ne dai na Dayton: a canza kauri a bar doro, a canza doro a bar kauri, a rubuta. A 1933 suka wallafa sakamakon siffofi 78 masu dangantaka da juna, masu ƙera jirage suka yi shekaru suna zaɓa daga ciki kamar mai zaɓen ƙusa a kanti. Sunan Langley aka sa wa wannan ɗakin bincike.

Jadawalin 'yan'uwan kuwa bai shiga hannun jama'a a cike ba sai 1953, bayan dukansu sun rasu, lokacin da babu mai ƙera jirgin da ke buƙatarsa. Akwatin katakon ya ɓace. Ma'aunan zarto da wayar keke suna Cibiyar Franklin a Philadelphia, inda Orville ya yi wasiyya a kai su.